Yadda Ake Tsara Kakar Guje-guje da Tsalle-tsalle a Makarantar Sakandare

A makarantu da yawa, kakar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ba ta farawa sai takardar gayyata ta iso ofishin shugaban makaranta, ana saura mako biyu a yi gasa. Nan take sai a tara ɗalibai a fili, a busa usur, duk wanda ya riga 'yan'uwansa isa ƙarshen layi a rubuta sunansa, daga nan kuma a shiga wahalar da waɗanda aka zaɓa da gudu safe da yamma har ranar tafiya. Sakamakon haka sananne ne ga duk wanda ya taɓa halartar gasar makarantu: wani yaro ya iso da cinya a ɗaure da bandeji, wani an fitar da shi saboda ya tashi kafin a ba da alama, 'yan gudun miƙa sanda kuwa sandar ta suɓuce musu tun a hannu na biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kakar da za ta yi kyau ana lissafa ta ne daga ranar babbar gasa a dawo baya, kuma manufarta ita ce ɗalibi ya isa wannan rana da lafiyarsa, da ƙarfinsa, da sanin dokar wasan da zai shiga.

Mataki na farko: a kafa ranar babbar gasa, a ƙirgo baya

Malamin wasanni ya ɗauki kalandar zangon karatu ya yi wa ranar gasar da ta fi muhimmanci alama, ko ta tsakanin makarantu ce, ko ta tsakanin gidajen makarantar kanta. Daga wannan rana sai ya ƙirgo mako goma sha biyu zuwa sha huɗu baya, inda ƙirgar ta tsaya nan ne ranar fara atisaye. Ya kamata ya sa ranakun jarrabawa da na hutu a kan wannan kalanda tun yanzu, domin makon jarrabawa ba makon atisaye mai nauyi ba ne, kuma malamin da ya yi jayayya da jarrabawa a kan lokacin yaro zai rasa goyon bayan iyaye da na abokan aikinsa.

A raba makonnin kashi uku. Mako huɗu na farko na gina jiki ne ga kowa da kowa, mako huɗu ko biyar na tsakiya na koyon dabarun wasan da kowane ɗalibi zai yi, sauran kuma na ƙananan gasa ne da rage nauyin aiki. A nemi aƙalla ƙaramar gasa biyu kafin babbar, ko da da makaranta ɗaya ce ta kusa, saboda yaron da bai taɓa durƙusawa a layin tashi idon jama'a na kansa ba, ba a san yadda zai yi ba sai an gwada shi.

Mataki na biyu: lafiyar ɗalibai da izinin iyaye

Kafin kowa ya yi gudu ko na mita ɗaya, a aika wa iyaye takarda su sa hannu, su kuma bayyana ko yaron yana da asma, ko sikila, ko ciwon zuciya, ko ya taɓa suma yana cikin motsa jiki, ko wani a danginsa ya taɓa rasuwa farat ɗaya yana matashi. Duk wanda aka amsa e a kansa, likita ne zai ce ya shiga ko kada ya shiga, ba malami ba. Mai asma da aka yarje masa ya riƙa zuwa fili da maganin shaƙarsa kullum. A tanadi akwatin taimakon gaggawa da ruwan sha, kuma a san tun farko wace mota za ta ɗauki yaro zuwa wane asibiti idan ta ɓaci.

Mataki na uku: auna fili

Wannan aiki ne da ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi, alhali duk lokutan gudun da za a rubuta wa yara a kakar sun dogara ne a kansa. Filin da ya gaza mita 400 da 'yan mitoci yakan sa malami ya ɗauka yana da zakaru, sai an je filin da aka auna daidai gaskiya ta fito.

Hukumar wasannin ta duniya, World Athletics, wadda aka kafa a birnin Stockholm a 1912 kuma aka fi sani da IAAF kafin 2019, ta tsara fili mai zagayen mita 400 kamar haka: miƙaƙƙun ɓangarori biyu, kowanne mita 84.39, da kwana biyu masu siffar rabin da'ira, nisan kowace daga cibiyarta zuwa dakalin ciki mita 36.50. Ba a kan dakalin ake auna zagayen ba, ana matsawa santimita 30 cikin layin farko, inda ƙafar mai gudu take bi. Idan babu dakali, zanen farar ƙasa ne kawai kamar yadda yake a yawancin makarantu, santimita 20 ake matsawa, don haka sai a ja zanen ciki a nisan mita 36.60 daga cibiya. Faɗin kowane layi mita 1.22 ne.

Ga yadda ake yi a aikace. A kafa turaku biyu a tsakiyar fili, tazarar mita 84.39 a tsakaninsu. A ɗaura wa kowane turke igiyar da ba ta miƙewa, ko waya, domin igiyar roba tana ƙara tsawo idan an ja ta, a auna mita 36.60 a jikinta, mutum ɗaya ya riƙe bakinta a miƙe yana tafiya yana zana rabin da'ira, wani na biye da shi da farar ƙasa. Sai a haɗa bakunan kwanonin biyu da miƙaƙƙun layuka, a ci gaba da ƙara mita 1.22 ga kowane layi na gaba. Fili mai layi takwas yana cin wuri mai tsawon kusan mita 177 da faɗin kusan mita 93. Makarantar da ba ta da wannan wuri ta yi zagayen mita 300, lissafinsa ba wuya: idan miƙaƙƙun ɓangarorin mita 60 ne kowanne, saura mita 180 na kwanoni, a raba shi da 6.283, wato pi na lissafin da'ira sau biyu, a sami mita 28.65, a cire santimita 20, a ja zanen ciki a nisan mita 28.45 daga cibiya.

Saura tazarar tashi. Wanda ke layi na biyu yana zagaya da'irar da ta fi ta na farko girma, shi ya sa ake matsar da shi gaba. A filin da aka zana da farar ƙasa, kowane layi yana gaban na cikinsa da mita 7.67 a tseren da ke da kwana biyu, kamar mita 400, da kuma mita 3.83 a tseren kwana ɗaya, kamar mita 200. Yana da kyau a gayyato malamin lissafi da 'yan ajinsa su yi wannan awo, domin darasin da'ira ne a fili, kuma ido da yawa ya fi saurin gano kuskure.

Da'irar jifan dalma, wato dunƙulen ƙarfe mai nauyi, faɗinta mita 2.135 ne, ta jifan faifai mita 2.50, kuma yankin da abin jifa zai sauka yana buɗewa da digiri 34.92. Ba sai an nemi ma'aunin kusurwa ba: a ja layi biyu daga cibiyar da'irar, kowanne mita 20, a buɗa su har tazarar bakunansu ta kai mita 12. Ramin dogon tsalle kuwa a cika shi da yashi mai laushi, a tsince duwatsu da kwalabe, a tone shi da shebur a baje da manjagara kafin kowane atisaye, saboda yashin da ya daskare yana karya idon sawu.

Mataki na huɗu: gwaji da raba ɗalibai

A makon farko a buɗe ƙofa ga duk mai so, maza da mata, a yi musu gwaji huɗu masu sauƙi: gudun mita 60, tsalle gaba daga tsaye da ƙafa biyu, jefa ƙwallo mai nauyi da hannu biyu ta saman kai, da gudun mita 800. A rubuta sakamakon kowa a littafi guda, da ranar haihuwarsa, domin wannan littafi shi ne zai zama ma'aunin kakar baki ɗaya.

A nan ne nake ganin ake tafka kuskure mafi tsada. Yara masu shekara goma sha uku zuwa sha biyar ba sa balaga lokaci ɗaya, kuma sau da yawa wanda ya cinye gwajin farko ya riga sa'o'insa girma ne kawai. Siririn yaron da ya zo na shida yana iya zama shi ne na ɗaya bayan shekara biyu, idan ba a kore shi ba. Saboda haka kada a sallami kowa a makon farko, kuma kada a ɗaure ƙaramin ɗalibi a kan wasa guda. Usain Bolt na Jamaika, wanda ya yi mita 100 a daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009, wasan kurket ya fi ɗaukar hankalinsa lokacin da ya shiga sakandare, kocin kurket ɗin ne ya lura da saurinsa ya tura shi wajen masu gudu. David Rudisha na Kenya da mita 400 ya fara, sai kocinsa Colm O'Connell ya ba shi shawarar gwada mita 800, tseren da ya kafa tarihin duniya a cikinsa a Landan a 2012 da minti 1 da daƙiƙa 40.91. A bar 'yan ƙananan azuzuwa su ɗanɗana gudu da tsalle da jifa duka, manya kuma a tsayar musu da wasa biyu ko uku masu dangantaka da juna.

Mataki na biyar: tsarin atisaye

Kwana uku ko huɗu a mako sun isa, kowace rana awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi, kuma ranar aiki mai nauyi kada ta bi wata irinta. Jiki ba ya ƙara ƙarfi a lokacin da ake wahalar da shi, a lokacin hutun da ya biyo baya yake ƙarawa, shi ya sa barcin awa takwas zuwa goma, wanda likitoci ke ba matasa shawarar samu, yake cikin atisayen kansa.

Kowace rana ta fara da ɗumama jiki na minti goma sha biyar zuwa ashirin: sassarfa a hankali, kaɗa ƙafafu da hannuwa, ɗaga gwiwa, tafiyar tsugune, sannan gudu uku ko huɗu na mita 50 da ake ƙara wa sauri sannu a hankali. Miƙe jijiyoyi a tsaye na dogon lokaci a bar shi sai an tashi daga aiki.

A mako huɗu na farko kowa aiki ɗaya yake yi. Gudu mai sauƙi a kan ciyawa, hawan tudu na gajeren zango, tsugune-tashi, tura ƙasa da hannu, ƙarfafa ciki da baya, da tsallake ƙananan shingaye don saba wa ƙugu. Nauyin jikin yaro ya ishe shi a wannan mataki, ɗaga ƙarfe kuwa sai a gaban wanda ya san yadda ake koyar da shi.

Daga mako na biyar ake rabuwa. Masu gajeren zango, wato mita 100 zuwa 400, suna bukatar gudu da iyakar ƙarfinsu a kan mita 30 zuwa 60, da hutu mai tsawo a tsakani. Masu horarwa da yawa suna ba da kusan minti ɗaya na hutu ga kowace mita 10 da aka gudu da cikakken ƙarfi, ke nan wanda ya yi mita 40 zai huta minti huɗu. Malamin da bai saba ba yakan ga wannan hutu kamar lalaci, sai ya rage shi, amma yaron da ya tashi yana haki ba zai iya kai ƙarshen saurinsa ba, kuma wanda bai kai ƙarshen saurinsa a atisaye ba, saurin ba zai ƙaru ba. Sau ɗaya a mako a ba su zango mai ɗan tsawo, mita 150 zuwa 300, don juriyar ƙarshen tsere.

Masu mita 800 da 1500 da 3000 yawancin gudunsu ya zama mai sauƙi, irin wanda mutum zai iya magana da abokinsa yana cikin yi, na minti ashirin zuwa arba'in. Sau ɗaya ko biyu a mako su yi zango-zango, misali mita 400 sau shida da saurin da za su yi tsere, suna tafiya ko sassarfa a tsakani. Abin da ya fi wuyar koya musu shi ne raba ƙarfi. Malami ya tsaya a layin ƙarshe da agogo yana faɗa wa kowa lokacin zagayensa da ƙarfi, har sai yaro ya iya sanin saurinsa a jikinsa ba tare da an gaya masa ba. Yawancin ɗaliban da ke zubewa a zagayen ƙarshe sun riga sun zubar da tseren ne a mita 200 na farko.

Ana saura kwana bakwai zuwa goma babbar gasa, a rage yawan aiki zuwa kusan rabi, amma a bar saurinsa yadda yake. Babu wani ƙarfi da za a ƙara a wannan mako, gajiya kaɗai za a iya ƙarawa.

Mataki na shida: tashi da miƙa sanda

Waɗannan biyun su ne inda makaranta ke samun maki ko asararsa ba tare da saurin yaran ya canza ba. A tseren mita 400 zuwa ƙasa, mai ba da alama yana kira biyu kafin harbi: na farko kowa ya durƙusa a wurinsa, hannuwa a bayan layi, na biyu kowa ya ɗaga ƙugu ya tsaya cak. A tseren da ya wuce mita 400 kira ɗaya ne, kuma a tsaye ake tashi. Tun daga 2010, a dokar hukumar duniya, wanda ya riga bindiga tashi sau ɗaya an fitar da shi, kuma wannan doka ce ta fitar da Bolt kansa daga tseren ƙarshe na mita 100 a gasar duniya ta Daegu a 2011. Wasu gasannin makarantu suna sassauta ta, don haka a tambayi masu shirya gasa tun da wuri. A atisaye kuma malami ya riƙa sauya tsawon jiran da ke tsakanin kira na biyu da alama, domin yara su koyi sauraro maimakon canka.

A gudun miƙa sanda na mita 100 sau huɗu, wurin miƙawa mita 30 ne a dokar yanzu, kuma inda sandar take ake dubawa, ba inda jikin mai gudu yake ba. Na farko da na uku, masu bin kwana, suna riƙe sanda a hannun dama suna bin gefen ciki na layinsu, na biyu da na huɗu suna karɓa da hagu suna bin gefen waje, ta yadda ba wanda zai taka wani kuma ba sai an sauya hannu ba. Mai karɓa yana auna wata tazara a bayansa da tafin ƙafarsa ya manna alama, ya zuba mata ido, da zarar mai kawowa ya iso kanta sai ya tashi da dukan ƙarfinsa ba waiwaye, ba ya miƙa hannu baya sai ya ji kira. Idan mai kawowa yana cin masa, a ƙara tazarar da ƙafa ɗaya ko biyu, idan kuma ba ya iya kamo shi, a rage. A rubuta adadin ƙafafun kowane mutum biyu a littafi. A gasar Olamfik ta Rio a 2016, 'yan Japan sun zo na biyu da daƙiƙa 37.60, alhali a lokacin babu ko ɗaya cikin su huɗun da ya taɓa yin mita 100 a ƙasa da daƙiƙa 10. Ƙwarewa a miƙa sanda ce ta kai su, kuma wannan abu ne da kowace makaranta za ta iya koyarwa idan ta ware masa minti ashirin sau biyu a mako.

Mataki na bakwai: tsalle da jifa

Dogon tsalle gudu ne kafin ya zama tsalle. Taku goma sha biyu zuwa sha shida sun wadatar da ɗan sakandare. Ya tsaya a kan katakon tashi ya juya wa ramin baya ya ruga, wani ya yi alama inda takunsa na ƙarshe ya sauka, daga nan zai riƙa tasowa. Malami ya tsuguna a gefen katakon yana kallon inda yatsun ƙafa ke sauka, ba fuskar yaro ba, yana matsar da alamar gaba ko baya har ta zauna. Ana auna tsalle daga shaidar da ta fi kusa da katako, ko da ta hannu ce, don haka a koya wa yara faɗuwa gaba da fita ta gaban ramin.

A tsallen sama, salon ƙetare sanda da baya wanda Dick Fosbury ya ci zinare da shi a Meziko a 1968 ya zama ruwan dare, amma katifa mai kauri ce ta sa ya yiwu, domin a kan kafaɗa da baya ake sauka. Makarantar da ba ta da irin wannan katifa ta haramta shi ƙwarai, ta koyar da salon almakashi, wanda ake sauka da ƙafa. Babu lambar yabon da ta kai wuyan yaro daraja.

Kayan jifa suna bin shekaru. Ga 'yan ƙasa da shekara 18, dalmar maza kilo 5 ce, ta mata kilo 3, faifan maza kilo 1.5, na mata kilo 1, mashin maza giram 700, na mata giram 500. Haka shingaye: na maza a mita 110 tsayinsu santimita 91.4, na mata a mita 100 santimita 76.2. Ba wa yaro dalmar manya mai kilo 7.26 saboda ita ce ke cikin sito yana ɓata masa salo kuma yana cutar da kafaɗarsa. Dalma turawa ake yi daga gindin wuya, ba a wurga ta kamar dutse. Dokar tsaro a nan ba ta da sassauci: babu jifa sai malami na tsaye, kowa yana bayan mai jifa, ba a shiga ɗauko kaya sai an ba da izini, kuma a hannu ake dawo da su, ba a jefowa.

Mataki na takwas: lura da jikin yara

Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan sabon aiki ba abin damuwa ba ne. Abin damuwa shi ne ciwon da ke wuri guda, wanda yaro zai iya nunawa da yatsa ɗaya a ƙwaurinsa ko ƙasan gwiwarsa ko diddigensa, yana ƙaruwa da gudu, ko yana sa ɗingishi. Ƙasusuwan matasa suna kan girma, kuma irin wannan ciwo hutu yake bukata da ganin likita. Yara sukan ɓoye shi don tsoron kada a cire sunansu, sai malami ya nuna musu a aikace cewa faɗin gaskiya ba ya raba mutum da gurbinsa. Ɗalibar da take yawan kasala ko jiri, ko al'adarta ta ɗauke bayan an tsananta atisaye, wata malama ta zauna da ita a keɓe a kuma sanar da iyayenta, domin yana iya zama ƙarancin jini ko rashin cin abin da zai ishi aikin da take yi.

A guji atisaye da tsakar rana a lokacin zafi, kuma kada a taɓa hana ruwa da sunan horo. Yaron da ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, ko ya faɗi jikinsa ya yi zafi ƙwarai, a kai shi inuwa nan take, a kwarara masa ruwan sanyi a duk jiki, ana fifita shi ana neman mota. Idan aka ji tsawa, kowa ya bar fili, ba a dawowa sai an yi minti talatin ba a sake jin ta ba.

Mataki na tara: ranar gasa

Idan makarantar ce ke karɓar baƙi, a zaunar da malaman da za su yi alƙalanci kwana biyu kafin ranar a bi dokoki da su. Masu agogo suna dannawa ne idan sun ga hayaƙi ko walƙiyar bindiga, ba idan sun ji ƙararta ba, saboda sauti yana makara kafin ya iso layin ƙarshe. Suna tsayar da agogo idan gangar jiki ta kai layi, kai ko hannu ko ƙafa ba sa cikin lissafi. Lokacin agogon hannu ana ɗaga shi zuwa kashi ɗaya cikin goma na gaba, wato 12.31 ya zama 12.4. Na ɗaya ana ba shi agogo uku: idan biyu suka dace a ɗauki nasu, idan duka suka saɓa a ɗauki na tsakiya. A dogon tsalle da jifa, idan masu gasa sun haura takwas, kowa yana da dama uku, takwas ɗin da ke gaba a ƙara musu uku. A tsallen sama, wanda ya kayar da sanda sau uku a jere ya fita.

Idan kuma tafiya za a yi, a isa da wuri, kowane ɗalibi ya san lokacin wasansa da lokacin da zai fara ɗumama jiki, kusan minti arba'in kafin a kira shi. Kada a sa sabon takalmi ranar gasa. A kiyaye yawan wasannin da ake ɗora wa yaro guda, domin a nan ne kwaɗayin maki ke rinjayar malamai: wanda ya yi mita 400 da 800 da miƙa sanda biyu a yini ɗaya, da zagayen share fage, an ci zalinsa ko da bai yi ƙorafi ba. Idan akwai ƙara a kan wani hukunci, dokar hukumar duniya ta ba da minti talatin bayan sanar da sakamako, kuma malami ne zai kai ta ga babban alƙali cikin ladabi, ba ɗalibai ba.

Mataki na goma: rufe kaka

A cikin makon da ya biyo bayan gasa a maimaita gwaji huɗun nan na makon farko, a rubuta sabon sakamako kusa da tsohon, a nuna wa kowane ɗalibi nasa shi kaɗai. Wanda bai ci komai ba amma ya rage daƙiƙa goma a mita 800 ya kamata ya ga hakan a rubuce, kuma yawanci irinsa ne ke dawowa baɗi. Daga nan a ba kowa hutun mako biyu zuwa uku daga atisaye mai tsari, ya yi ƙwallo ko iyo ko abin da yake so.

A wanke kayan aiki a ƙirga su, a ɗaga katifu daga ƙasa don kada danshi ya ci su, a kulle mashi da dalma da faifai inda yara ba za su kai gare su ba. Turakun cibiyar kwana kuwa a binne su daidai da ƙasa, a rubuta nisansu daga wani abu da ba ya motsi, kamar kusurwar gini, domin zanen shekara mai zuwa ya zama aikin yini ɗaya. Littafin sakamako, da adadin ƙafafun 'yan miƙa sanda, da bayanin duk raunin da aka samu da makon da ya faru, a ajiye kwafinsu a ofishin shugaban makaranta, saboda malamai ana yi musu canjin wurin aiki, kuma wanda zai gaji aikin yana bukatar sanin inda kowane ɗalibi ya tsaya.